Zumar Makka, Gagan Kano: Fashin Baƙi Kan Raunin Mazakuta

Duk wanda ya kwana biyu a Makka ya san irin saƙon da ke zuwa daga gida da zarar an ji wani zai sauka Kano ko Damagaram. Bayan dabino da zamzam da jallabiya da turare, akwai saƙo na ƙarshe da ake faɗa ƙasa-ƙasa: "Don Allah Alhaji, ka taho mini da zumar nan." Ba a faɗin sunanta, ba a kuma buƙatar a faɗa. Abin dariyar shi ne mu nan Saudiyya, daga Shara Mansur ta Makka zuwa Karantina ta Jidda, muna can muna aikawa a kawo mana gagai da burantashi. Na gida yana ganin magani na ƙasa mai tsarki, na nan yana ganin magani na Kasuwar Kurmi. Kaya na ta giftawa a sararin samaniya, ciwo kuwa yana nan inda aka bar shi.

Na sha raka 'yan uwa mustausaf, wato ƙaramin asibiti, don in yi musu tafinta, kuma na lura da wani abu. Mutum zai zauna gaban likita ya lissafa ciwon baya, ciwon gwiwa, jiri, yawan fitsarin dare. Sai mun fito, muna jiran a miƙo magani, ya ja hannuna gefe ya ce, "Malam, akwai fa wata maganar da ban faɗa ba." Wannan maganar da ba a faɗa ba sau da yawa ita ce ta kawo shi, kuma da ya faɗe ta da likita ya fi gane sauran.

Bari mu fara raba abubuwan da muke cusawa a buhu ɗaya mu kira su "rashin ƙarfi". Saurin kawowa daban ne: gaba na miƙewa lafiya, sai dai mutum ba ya jimawa. Rashin sha'awa daban ne: zuciyar ce ba ta nema. Rashin haihuwa ma daban, wannan maganar maniyyi ce, kuma akwai mai cikakken ƙarfi da ba ya haihuwa. Abin da likitoci ke kira raunin mazakuta, Larabawa su ce da'aful intisab, shi ne gaba ya ƙi miƙewa, ko ya miƙe bai yi taurin da zai isa saduwa ba, ko ya kwanta kafin a gama, kuma abin ya riƙa maimaituwa har kamar wata uku. Wanda ya kwana yana tura keken alhazai tsakanin Safa da Marwa, ya dawo gida jiki ya ƙi amsawa, wannan gajiya ce, barci yake buƙata.

Ciwon kuma ba na ɗaiɗaiku ba ne. Wani bincike da aka yi a jihar Masacusets ta Amurka, aka wallafa a 1994, ya gano cewa kashi 52 cikin 100 na maza masu shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na wannan rauni, daga ɗan kaɗan zuwa wanda ya mutu murus. Wato idan dattawa goma suka zauna shan shayi bayan isha'i, da wuya a ce babu huɗu ko biyar da abin ya taɓa, kowa kuma yana zaton shi kaɗai ne.

Mu Hausawa mun yi wa kanmu rikici da kalmar "jijiya", domin ita muke kira hanyar jini, ita muke kira wayar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, har shi kansa gaban wani lokaci jijiya ake ce masa. To gaban namiji ba ƙashi a cikinsa, ba kuma tsoka ce irin ta damtse da za a ƙarfafa da ɗaga ƙarfe ba. A cikinsa akwai wasu dogayen nama guda biyu masu kama da soso. Idan sha'awa ta motsa, ƙwaƙwalwa na aika saƙo ta laka zuwa ƙananan jijiyoyin saƙo da ke wurin, su kuma su saki wani sinadari mai suna naitirik oksaid. Wannan sinadarin ne ke sa bangon hanyoyin jini ya saki, jini ya kwararo ya cika soson. Da soson ya kumbura sai ya danne hanyoyin da jini ke bi ya fita, jinin ya tsaya a ciki. Miƙewa kenan: jini ya shiga da yawa, an rufe masa ƙofar fita. Gano aikin wannan sinadari a hanyoyin jini ne ya sa aka ba masana uku, Furchgott da Ignarro da Murad, kyautar Nobel a 1998.

Da wannan za a ga inda abin zai iya lalacewa: ko saƙon bai taso daga ƙwaƙwalwa ba, ko wayar da ke kai shi ta lalace, ko bututun jinin ya tsuke, ko sinadarin maza, wato testosteron, ya yi ƙasa. A wurin wanda ya haura arba'in, bututun ne ya fi yawan zama mai laifi.

Nan ne nake son mai karatu ya tsaya. Faɗin hanyar jinin da ke shiga gaba milimita 1 zuwa 2 ne. Waɗanda ke ciyar da zuciya kuwa milimita 3 zuwa 4. Kitse da sukari da hawan jini da hayaƙin taba ba sa zaɓar wuri, duk hanyoyin jinin jiki suke ci a lokaci guda. Amma kowa ya san idan laka ta fara taruwa, ƙaramin bututu ke fara toshewa kafin babba. Shi ya sa likitocin zuciya suka daɗe da lura cewa maza da yawa da ciwon zuciya ya kama sun fara ganin rauni a shimfiɗa shekara biyu zuwa biyar kafin ƙirji ya fara ciwo. Mutumin da gabansa ya fara sanyi yana da shekara 45 ya samu gargaɗin da wani bai samu ba. Idan ya rufe bakin gargaɗin da zuma, ya yi kamar direban da fitilar mai ta kama ja, ya sa kyalle ya rufe ta ya ci gaba da tafiya Madina.

A ƙasar nan kuwa babban mai toshe bututun shi ne ciwon sukari. Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta 2021 ta nuna sama da manya miliyan 4 ne ke ɗauke da shi a Saudiyya, kuma mu baƙi da haifaffun nan tukunya ɗaya muke ci da 'yan ƙasa. Tamis da safe, kabsa da rana, soyayyar kaza da lemon kwalba da dare, shayi mai cokali uku na sukari tsakanin kowace salla. Zafin rana ya hana tafiyar ƙasa, daga ɗaki mai sanyi sai mota mai sanyi. Wanda a gida yake tafiya gona da ƙafa, nan shekara biyar ta ishe shi ya ajiye tumbi har a fara ce masa "Alhaji an samu lafiya". Sukari yana cin hanyar jini, yana kuma cin jijiyar saƙo, duka biyun. Fiye da rabin maza masu ciwon sukari suna fuskantar raunin gaba, kuma yakan zo musu shekara 10 zuwa 15 kafin ya zo wa takwarorinsu. Akwai waɗanda ba su san suna da sukari ba sai ta wannan hanyar.

Iyayenmu da ke cewa zaƙi da maiƙo na kashe namiji ba su yi ƙarya ba, sun hango gaskiya. Inda aka kauce shi ne bayanin da aka ɗora a kai, cewa zaƙin na taruwa ya zama dattin ciki ko basir, sai an wanke da magani mai sa gudawa. Basir kumburin jijiyoyin dubura ne. Zafinsa na iya hana mutum sakewa, amma ba shi ke tsuke hanyar jinin gaba ba, kuma wankin ciki ko sau ɗari ne ba ya sauke sukarin da ke cikin jini. Haka "sanyi": idan akwai ƙaiƙayi ko zafin fitsari ko wani ruwa na fita, wannan cuta ce da ake gwadawa a ba da maganinta na kwanaki. Masu lasifika a tasha sun mai da basir da sanyi uwa da uban duk wata cutar maza, saboda su ne suke da maganinsu na sayarwa.

Taba ba sai an tsaya dogon bayani ba. Abin da ya kamata matasanmu su ji shi ne shisha ma taba ce, ruwan da hayaƙin ke ratsawa ba ya tace gubar. Tramol da wasu ke sha don su jima, a hankali yana sauke testosteron ya kashe sha'awar gaba ɗaya, ban da cewa a nan kama mutum da shi ba takardar likita magana ce ta gidan yari. Minshari mai tsanani, irin wanda numfashi ke ɗaukewa cikin barci, shi ma yana da hannu. Sannan akwai magungunan asibiti da kan jawo raunin: wasu na hawan jini, musamman masu sa fitsari da irin su atenolol, wasu na ciwon damuwa, da finasteraid na furostat. A nan ake yin kuskure mai kisa. Mutum ya lura tunda ya fara maganin hawan jini abin ya ja baya, sai ya ajiye maganin shiru ba tare da ya gaya wa kowa ba. Magungunan hawan jini iri-iri ne, akwai waɗanda ba sa taɓa wannan wurin, likita zai canza cikin minti biyu idan an gaya masa. Shanyewar ɓarin jiki kuwa ba a canza ta.

Sai kuma wanda jikinsa lafiya lau, kansa ne ya ɗau zafi. Tsoro da fargaba suna sa jiki ya saki sinadaran da ke tsuke hanyoyin jini, daidai kishiyar abin da ake buƙata. Ango a daren farko, gida cike da mutane. Wanda ya shekara huɗu bai ga iyalinsa ba, ya sauka hutu da nauyin tunanin kada ya ba da kunya. Wanda igamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ko kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ya riƙe masa albashi, ko kuɗin haya ya zo, ga waya daga gida kullum ana neman a turo. Sau ɗaya abin ya faru, sai ya shiga ɗaki dare na biyu yana sa ido a kan jikinsa kamar mai gadin kanti, sa idon kuma shi ne ke sake kwantar da shi. Haka ake ta zagaye.

Akwai alama mai sauƙi da likitoci ke tambaya. Lafiyayyen namiji gabansa na miƙewa sau da dama cikin barci ba tare da ya sani ba, shi ne wanda ake tashi da shi da asuba. Idan wannan yana nan da ƙarfinsa, kuma raunin farat ɗaya ya zo, to alama ce bututu da waya suna aiki, matsalar ta fi kusa da tunani. Idan kuwa a hankali ya riƙa ja da baya tsawon watanni, na asubar ma ya ɓace, to a nemi dalili a cikin jini.

Wannan alamar za ta iya raba gardamar da ta kashe aure da yawa. Mai mata biyu ya ga a ɗakin wannan lafiya, a ɗakin waccan shiru, nan take sai a ce an ɗaure shi, Larabawa ma suna da kalmarsu, marbuɗ. Kafin a ankara an ɗora wa uwargida ko amarya laifin asiri, dangi sun shigo. Ba ina musun sihiri ba ne, Alƙur'ani ya ambace shi, kuma addu'a da ruƙiyya ba sa hana komai. Amma jikin da ya amsa a ɗaki ɗaya ya riga ya ba da shaidar cewa hanyoyinsa a buɗe suke. Abin da ya bambanta ɗakunan biyu sau da yawa shi ne rigimar da ba a warware ba, ko gorin da aka taɓa yi masa, ko tsoron kada amarya ta raina shi. Zargin mutum da sihiri ba hujja zunubi ne mai nauyi, ga shi kuma ya fi gwajin jini tsada.

Yanzu mu koma kan zumar. Zuma kanta abinci ce mai albarka, amma cokali ɗaya nata ba ya tayar da gaba cikin awa guda. Idan ƙaramin ƙunshi ya yi wannan aikin, to wani abu aka zuba a ciki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gwada irin waɗannan zumar, a 2022 ta aika wa kamfanoni huɗu takardar gargaɗi bayan ta samu sildenafil da tadalafil a ciki, wato ainihin sinadaran Viagra da Cialis, ba tare da an rubuta a jikin kwali ba. Takwararta ta Saudiyya ma ta sha fitar da gargaɗi kan kayan ƙarin kuzari da aka cakuɗa da waɗannan sinadarai. Kenan wanda ke cewa shi ba ya shan maganin Bature, na gargajiya kawai, maganin Baturen yake sha, sai dai bai san adadin da ya haɗiya ba. Idan mai sukari ne ga ƙarin zaƙi a kai. Burantashi kuwa ɓawon itacen yohimbe ne, yana ɗaga hawan jini ya sa zuciya bugun sauri, ba abin wasan mai hawan jini ba ne.

Su waɗannan ƙwayoyin asibiti ba abin tsoro ba ne idan likita ya rubuta. Kamfanin Pfizer yana gwada sildenafil ne a Ingila don ciwon ƙirji, sai waɗanda ake gwajin a kansu suka riƙa ba da labarin wani aikin daban. A 1998 aka amince da shi da sunan Viagra, tadalafil ya biyo baya a 2003. Aikinsu shi ne hana jiki saurin rushe saƙon da naitirik oksaid ya kawo, don hanyar jini ta jima a buɗe. Saboda haka ba sa haifar da sha'awa; wanda ya sha ya zauna yana kallon agogo ba abin da zai gani. Sildenafil na zuwa a miligiram 25 da 50 da 100, ana sha kamar awa ɗaya kafin buƙata, aikinsa na kai kimanin awa huɗu, kuma abinci mai maiƙo na jinkirta shi, don haka wanda ya cika ciki da mandi ya sha, kada ya ce maganin jabu ne. Tadalafil na iya kai awa 36 a jiki, akwai kuma ƙaraminsa na miligiram 5 da ake sha kullum. Ba a wuce sau ɗaya a yini. Kimanin bakwai cikin goma na samun biyan buƙata, masu sukari ƙasa da haka, kuma ba a yanke hukuncin bai yi aiki ba sai an gwada sau shida zuwa takwas yadda ya dace. Ciwon kai, toshewar hanci, zafin ƙirji irin na ƙwarnafi da jan fuska su ne abubuwan da aka fi gani.

Doka ɗaya ce ba ta da sassauci. Duk mai shan maganin ciwon zuciya na dangin naitiret, irin ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe ko feshin baki idan ƙirji ya riƙe, ko isosobaid, haramun ne a likitance ya haɗa da waɗannan. Haɗuwarsu na faɗar da jini warwas har a rasa rai. Wannan ne ainihin haɗarin zumar da ba a san cikinta ba: dattijo mai ciwon zuciya ya sha yana ganin abinci ne. Wanda ƙirjinsa ya riƙe bayan ya sha ɗayansu, ya kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa, ya kuma gaya wa ma'aikatan abin da ya sha da lokacin da ya sha, ba kunya. Haka idan gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa huɗu, wannan ba jarumta ba ce, jini ne ya maƙale, idan aka jima soson zai lalace har abada. Masu sikila sun fi kowa shiga wannan haɗarin, kuma sikila tana cikinmu sosai.

Idan ƙwaya ta gaza ba a rufe littafi ba. Akwai famfon da ke jawo jini a riƙe shi da zobe, wanda ba a barinsa ya wuce minti 30. Akwai allurar alfurostadil da mutum ke koyon yi wa kansa. Akwai tiyatar dasa na'ura a ciki ga wanda komai ya ƙi. Allurar testosteron kuwa, wadda samarin gidajen motsa jiki suka mayar abin ado, ta wanda gwaji ya nuna nasa ya yi ƙasa ce kawai, kuma tana rage ƙwayoyin maniyyi, mai neman haihuwa ya kiyaye.

Abin da ke gyara bututun kansa ba a saidaliyya, wato kantin magani, yake ba. A wani gwaji da aka yi a Italiya, aka wallafa a 2004, an ɗauki maza 110 masu ƙiba da wannan rauni, aka sa rabinsu rage abinci da motsa jiki. Bayan shekara biyu kusan ɗaya cikin uku na waɗannan sun dawo daidai ba tare da ƙwaya ba. Minti 150 na tafiya mai sauri a mako shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar, wato rabin awa sau biyar. Bayan asuba ko bayan isha'i zafi ba hujja ba ne, mazaunin Jidda ga bakin teku, na Makka kuwa ɗawafi a bene na sama kaɗai tafiya ce mai kyau.

Matar gida ita ma tana cikin maganar, ko an sa ta ko ba a sa ta ba. Idan miji ya yi shiru ya fara jan jiki, ya riƙa daɗewa a majalisa sai ta yi barci, ita fassararta daban: ya daina sonta, ko yana neman aure. "Hajiya, jikina ne ba daidai ba, zan je a duba ni" ta fi wata shida na gaba da juna sauƙi. Shari'a ma ba ta ɗauki wannan a matsayin abin da ba a faɗa ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, an ce wanda ya kasa kusantar matarsa ana ba shi shekara guda, idan ya iya shi kenan, idan bai iya ba a raba su in ta so. Malamai sun tattauna shi a fili a matsayin haƙƙin mace, sun kuma ba namiji lokacin neman magani.

Wanda ya yanke shawarar zuwa, likitan iyali a mustausaf ya isa a fara da shi, shi zai tura sashen masalik bauliyya, wato na mafitsara, idan da buƙata. Mai jin nauyin ido da ido zai iya fara kiran 937, layin Ma'aikatar Lafiya. Gwaje-gwajen farko ba su da yawa: awon hawan jini, sukarin tarakumi wanda ke nuna matsakaicin wata uku (6.5 zuwa sama alamar ciwon sukari ce), kitsen jini, aikin ƙoda, da testosteron wanda ake ɗiba da safe kafin ƙarfe 11. Wanda ba shi da ta'amin, wato inshorar lafiya, ma, awon jini da na sukari a ƙaramin asibitin kuɗi ba su kai abin da wasu ke kashewa a kwalin zuma biyu ba. A tafi da duk magungunan da ake sha a leda ɗaya, har da na mai attara, wato mai kantin maganin gargajiya, da ƙullin da aka aiko daga gida, a zube su gaban likita. Idan Larabcin ya gagara, kalma uku ce: "Indi da'af intisab."